BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: MAGANAR GYARAN WUTA BAYAN ISKAR DAMINA A MUBI

 

Duk wanda ya shekara a garin nan ya san yadda damina ke yin sallama. Bayan zafin Maris da Afrilu, sai hadari ya haɗo daga gabas ta wajen duwatsun Mandara, iska ta riga ruwa isowa. Cikin rabin awa ta yaye rufin gidaje, ta karya rassan dogon yaro, ta kwantar da turakun wuta, wayoyi su zube a kan hanya. Ruwan da aka daɗe ana roƙo ya sauka, kowa ya yi godiya ga Allah, amma gari ya kwana a duhu.

Abin da ke biyo baya ma sananne ne. Kwana biyu, kwana uku, shiru. Sai a ga matasa riƙe da littafi suna bi gida-gida: kowane gida dubu kaza, mai shago dubu kaza, mai injin niƙa ya fi kowa. A sayo turke, a sayo waya, a nemo mai hawa ya ɗaura. Unguwar da ta haɗa kuɗi da wuri ta ga haske, wadda ba ta da hali ta zauna tana hangen na maƙwabta. Wannan al'ada ta zama ruwan dare a Najeriya, daga Legas har Maiduguri, har mutane da yawa sun ɗauka haka doka ta ce.

Ra'ayin wannan ƙungiya shi ne, yawan kwanakin da unguwa za ta yi a duhu bayan iska, tun kafin iskar ta taso ake yanke shi. Abu uku ne ke yanke shi: sanin wanda gyara ya rataya a wuyansa, shirin da aka yi tun da rani, da kuma rubuta duk wata magana da ta shafi kuɗin jama'a. Karo-karon da ake yi cikin gaggawa ba takarda ba shaida yana kawo haske na wata ɗaya, ya bar matsalar tana jiran iska ta gaba.

ABIN DA DUHU KE CI

Wani zai ce, wutar da dama ba kullum ake samunta ba, mene ne na damuwa don ta ɗauke mako biyu? Amsar tana bakin famfo. Gidaje da yawa a Lokuwa, Yelwa, Sabon Layi, Kolere, Shuware, Wuro Patuji da sauran unguwanni da ruwan rijiyar burtsatse suka dogara, 'yan ga-ruwa ne ke turo shi a kura har ƙofar gida. In babu wuta, mai burtsatse janareta zai tayar, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ke ci. Kuɗin jarka ya hau, mai ƙaramin ƙarfi ya koma rijiyar da ba a rufe ba ko ya gangara kogin Yedzaram, a daidai lokacin da ruwan farko ke wanko dattin rani yana zubawa a ciki. Ba mu manta da watan Mayun 2018 ba, lokacin da amai da gudawa ta ɓarke a garin nan, ta kwantar da ɗaruruwan mutane, aka yi asarar rayuka. Garin da ya ga wannan ba zai ɗauki maganar ruwan sha da wasa ba, kuma maganar ruwa a wurinmu maganar wuta ce.

Ga kuma masu neman na yau da gobe. Mai walda, mai niƙa, mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, tela, mai aski, mai cajin waya, mai buga takardu a bakin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa. Ribar yini ta tafi a man janareta, ko kuma a rufe shago. Maganin da ke buƙatar firji a ɗakunan shan magani da kemis-kemis ya lalace. Ɗalibi mai jarrabawa ya koma karatu da tocilan waya. Sannan garin da ya ga abin da ya faru a ƙarshen 2014 ya san cewa hasken titi da cajin waya ma wani ɓangare ne na tsaro.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A ranar 16 ga Yunin 2018, washegarin ƙaramar Sallah, iska ta afka wa garin Bauchi, ta kashe mutane, ta rusa gidaje masu yawa, ta zubar da turakun wuta a unguwanni. A can nesa kuma, a tsibirin Porto Riko da ke ƙarƙashin Amurka, guguwar Mariya ta watan Satumban 2017 ta rusa layukan wuta baki ɗaya, sai da aka kwashe kusan wata 11 kafin wuta ta koma wa kowa. Da farko hukuma ta ce mutum 64 ne suka mutu, daga baya ta amince da adadin 2,975, kuma da yawansu a watannin bayan guguwar suka rasu, lokacin da asibitoci da gidaje ke fama da rashin wuta da ruwa. Darasin a fili yake: iska na yin ɓarnarta cikin awa ɗaya, duhun da ta bari kuwa kullum sai ya ci nasa.

YADDA WUTA KE ISO MANA, DA YADDA AKE MAYAR DA ITA

Yana da kyau mu san hanyar da wuta ke bi, domin rashin sanin ne ke haddasa zargi tsakanin unguwanni. Kamfanin TCN na Gwamnatin Tarayya shi ke ɗauko wuta a manyan layuka masu dogayen turakun ƙarfe, irin layin 330kV da ya taso daga Jos zuwa Gombe, daga nan ya wuce Yola. A tashoshinsa ake rage ƙarfinta, a miƙa wa kamfanin rarraba wuta. A nan yankin YEDC ne, mai kula da Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. Shi ke ɗaukarta a layin 33kV, ya rage ta zuwa 11kV, ya kai taransifomar unguwa, ita kuma ta rage ta zuwa wadda ke shiga gidajenmu.

Tsakanin Yola da Mubi kusan kilomita 200 ne. Duk inda wuta ke tafiya mai nisa a kan turakun siminti cikin daji da gonaki, bishiya ɗaya da ta faɗi a inda ba kowa ta isa ta kashe wa gari guda wuta. Mun kuma ga abin da dogaro da hanya ɗaya ke jawowa a ranar 22 ga Afrilun 2024, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun ƙarfe huɗu a layin Jos zuwa Gombe. Gombe, Yola, Jalingo, Damaturu da Maiduguri duk suka shiga wahalar wuta ta makonni. Ba iska ce ta yi wannan ba, amma sakamakon ɗaya ne.

Gyara kuma daga tushe yake farawa. Ma'aikata sukan bi layi su gano inda ya karye, su ware wurin da ya lalace don a iya ba sauran wuta, su gyara babban layi, sannan rassansa, sannan taransifoma, daga ƙarshe wayar da ta shiga gida. Ko an kafa sabon turke a ƙofar gidanka yau, in babban layin da ke ciyar da unguwarku yana kwance a bayan gari, ba za ka ga haske ba. Haka nan maƙwabcinka na iya samun wuta kai ba ka samu ba, don ba a kan waya ɗaya kuke ba, ko ba taransifoma ɗaya kuke sha ba. Ba kowane bambanci ne son kai ba. Amma in ba a yi wa mutane bayani ba, dole su yi zato.

TURKEN NA WAYE?

A ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, bayan an raba tsohuwar NEPA da ta koma PHCN. Tun daga ranar, turaku da wayoyi da taransifomomin da ke kan titunanmu kayan kamfani ne. Hukumar NERC mai sa ido a kan harkar wuta ta sha nanatawa cewa ba aikin mai shan wuta ba ne, kuma ba aikin unguwa ba ne, sayen taransifoma ko turke ko waya, ko gyaransu. Kuɗin gyaran na cikin kuɗin wutar da ake biya. Wanda ya biya kuɗin wuta, sannan ya sake biyan kuɗin turke, ya biya sau biyu ke nan.

Ban da wannan, karo-karon da ba a rubuta ba yana da illoli da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye.

Na farko, yana mayar da gyara gwanjo. Unguwar 'yan kasuwa da manyan ma'aikata za ta haɗa kuɗi cikin yini ɗaya. Unguwar leburori da zawarawa da waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu sai ta yi wata tana tarawa. Ga shi kuwa galibi a can ne turakun katako da gara ta cinye suka fi yawa, a can ne iska ta fi ɓarna.

Na biyu, kayan gaggawa ba su da ƙarko. In kuɗi ya gaza, sai a sayi turken da aka buga da siririn rodi da ƙarancin siminti, a haƙa rami iya gwiwa, a dasa, a bar shi ba wayar da ke ɗaure shi da ƙasa. Ƙa'idar masu aikin ita ce kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawon turke ya shiga ƙasa, kuma akwai hukuma ta musamman, NEMSA, mai duba ingancin irin waɗannan kaya da aikin da aka yi da su. Turken da bai cika wannan ba, damina mai zuwa ma sai ya faɗi, a sake fito da littafi.

Na uku, kuɗin da ba rasit yana raba kan jama'a. Ko da masu tarawa sun riƙe amana, in ba lissafi a rubuce, sai an sami mai cewa an ci. Zumuncin shekaru ya lalace a kan naira dubu biyu, gobe in an zo aikin gayya na gaskiya kowa ya noƙe.

Na huɗu, kuma mafi muni, shi ne rai. Mai hawan da unguwa ta ɗauko da kanta ba shi da ikon kashe layi daga tasha, kuma ba wanda ya san yana sama. Ana iya sako wuta yana riƙe da waya. Haɗin da aka yi da hannu aka murɗa shi ma yakan yi zafi ya tsinke. A ranar 20 ga Afrilun 2017 wayar babban layi ta tsinke ta faɗa kan rufin wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, aƙalla mutum 7 suka mutu. Gidajen kallo da rumfunan kwano a ƙarƙashin waya ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu.

TO, MU ZAUNA A DUHU MUNA JIRA?

Wannan tambayar tana da nauyi, kuma masu yin ta ba su yi laifi ba. Mai waldan da yaransa biyar ke cin abinci a shagonsa ba zai ci dokar NERC ba. In ya ga dubu biyar za ta dawo masa da wuta jibi, zai ba da, kuma ba mai ganin baƙinsa.

Adalci ne kuma a faɗi halin da kamfani ke ciki. Jihohi huɗun da yake kula da su na da faɗin gaske, kuma a nan ne rikici ya fi lalata kayan wuta. Masu zuba jarin farko sun janye a 2015 saboda rashin tsaro, gwamnati ta riƙe shi na shekaru, sai a farkon 2022 sababbin masu jari suka karɓa. Maƙwabtanmu na Michika da Madagali sun yi shekaru ba wuta bayan rikicin. Ga satar waya, ga masu jan wuta ta bayan mita, ga masu sha ba biya. Wanda ba ya biyan kuɗin wuta ya rage wa unguwarsu ƙarfin baki ranar neman haƙƙi, domin abin da za a fara buɗe wa wakilanta shi ne littafin bashi.

Saboda haka ba mu ce jama'a su naɗe hannu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da muke cewa shi ne, ita dokar da ta ɗora gyara a kan kamfani ta buɗe ƙofa ga al'ummar da ke son sa kuɗinta: a yi yarjejeniya a rubuce da kamfani kafin a sayi ko ƙusa, a bayyana abin da za a saya, da wanda zai yi aikin, da yadda za a mayar wa mutane kuɗinsu, ko da ta hanyar rage musu a kuɗin wuta ne. Kuɗin jama'a ya zama rance ke nan. Bambancin da ke tsakanin wannan da abin da aka saba, takarda ce guda mai sa hannu da hatimi. Ita ce kuma ba a iya samu a daren da iska ta yi ɓarna, sai an nema tun da rani.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Kafin iska

Kowace unguwa ta kafa ƙaramin kwamitin wuta a ƙarƙashin jauro ko mai unguwa, mutum biyar zuwa bakwai, a sa mace, a sa matashi, a sa mai sana'ar da ke amfani da wuta. Aikinsu na farko su bi layi da ƙafa, daga taransifoma har turken ƙarshe. Su rubuta turken da ya karkata, da na katakon da gara ta ci, da wayar da ta yi lanƙwasa, da reshen da ke gogar waya, su ɗauki hoto. A rubuta wasiƙa kwafi biyu a kai ofishin kamfani, a karɓo ɗaya da hatimi da kwanan wata. A kuma adana sunan taransifoma da na layin da ke ciyar da ita, domin da su ake gane wuri in an kai rahoto.

A rage rassan itatuwan da ke kusa da waya, amma tare da ma'aikata, bayan sun kashe layi. Rassa muka ce, kada a sare bishiya, domin ita ke karya ƙarfin iska kafin ta iso rufinmu. Masu rumfuna da kwantena a ƙarƙashin babban layi su matsa. Ƙa'ida ta ce a bar aƙalla tazarar mita 5 da rabi kowane gefe na layin 11kV da 33kV. Masu gida su duba ƙusoshin kwano, don kwanon da ya tashi sama shi ke yanka waya.

Daren iska da washegari

Duk wayar da ke ƙasa, a ɗauka akwai wuta a jikinta, ko da gari duka duhu ne. A tsaya nesa da ita kamar taku goma sha biyar, a hana yara da dabbobi zuwa wurin, a guji ruwan da ta kwanta a ciki da katangar kwanon da ta taɓa. In ta kama mutum, kada a kai masa hannu, a kira ma'aikata su kashe layi. Malaman Islamiyya da na firamare su gaya wa yara wannan tun yanzu, limamai da fastoci su faɗa a masallatai da coci-coci.

Mai janareta ko sola ya tabbata ya raba gidansa da layin gari kafin ya kunna. In bai raba ba, wutarsa na iya bin waya ta koma taransifoma, ta ƙaru, ta kashe ma'aikacin da ke gyara a wata unguwar. Kuma kada a kwana da janareta a cikin ɗaki ko zaure, hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta wari amma tana kisa.

'Yan sintiri su sa ido a kan wayoyin da suka faɗi da taransifomar da ba wuta. Ɓarawo ba ya taɓa waya mai rai, lokacin duhu yake jira. Sau da yawa iska turke ɗaya take kayarwa, amma kafin a zo gyara an kwashe wayar turaku goma, an zuƙe man taransifoma. Masu sayen tsofaffin ƙarafa su ji tsoron Allah, su daina karɓar wayar wuta daga hannun kowa.

Rahoto ya zama guda, daga bakin mutum guda: turke nawa ya faɗi, a ina, wane iri. Wannan ya fi kiran waya ɗari na faɗa da zagi amfani.

Wa za a fara wa?

Muna ganin ya kamata a amince da jeri tun yanzu, a sanar da kowa: a fara kawar da wayoyin da ke barazana ga rai, sai babban layi, sai layukan da ke ciyar da asibitoci da manyan rijiyoyin burtsatse, sai wuraren da gyara ɗaya zai dawo wa gidaje mafi yawa da wuta, sannan sauran. Gidan babban mutum ya bi layi kamar na kowa. In jerin na rubuce, mai jira ya san abin da yake jira.

Maganar kuɗi

Kada a karɓi ko sisi daga gidaje sai an ga yarjejeniya. In an tara, a ba kowa rasit, a biya ta asusun kamfani ko na dillalin da aka amince da shi, kada a damƙa a hannun mutum. A manna lissafi a ƙofar jauro. Marayu da zawarawa da marasa hali a ɗauke musu, kuma kada a yanke wa kowa waya don bai ba da karo-karo ba. Ba wanda doka ta ba wannan iko.

Masu biyan kuɗin ƙiyasi su rubuta ranar da wuta ta ɗauke da ranar da ta dawo. Tun Fabrairun 2016 aka soke kuɗin dindindin na wata-wata, abin da mutum ya sha shi zai biya. A Fabrairun 2020 kuma NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa wanda ba shi da mita. In takardar biya ta zo kamar ba a yi duhu ba, a rubuta koke zuwa sashen karɓar ƙorafi na kamfani. Yana da kwanakin aiki 15 ya warware. In bai yi ba, a ɗaukaka zuwa ofishin sauraron koke na NERC da ke Yola, daga nan zuwa hukumar kanta. Hanya ce mai cin haƙuri, amma ta fi tare titi da dukan ma'aikaci, wanda shi ma aiko shi aka yi, kuma wataƙila gidansa ma duhu ne.

KIRANMU

Ga YEDC: muna roƙon a ajiye turaku da waya da sauran kayan gyara a nan Mubi kafin damina ta kankama, don kada a jira mota daga Yola ranar da hanya ta jiƙe. A ba kwamitocin unguwanni lambar waya guda da za a ɗauka. A riƙa sanar da jama'a a rediyo da shafukan sada zumunta, da Hausa da Fulfulde, inda aka lalace da inda gyara ya kai. A fito da takardar yarjejeniya mai sauƙi wadda kowace unguwa za ta iya cikewa. A kuma ƙara yawan mita, don ita ce ke kashe gardamar ƙiyasi.

Ga gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri da shugabannin ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu: in hukumar ADSEMA ta fito ƙidayar ɓarnar iska, a ƙidaya turaku da taransifoma tare da gidaje. Buhun shinkafa da bandir ɗin kwano taimako ne, amma dawo da wutar burtsatse taimako ne ga unguwa duka. A sa wa manyan rijiyoyin jama'a da ɗakunan shan magani sola, don su ci gaba da aiki ko layi na kwance. Gyaran tsarin mulki da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 sun ba jihohi damar shiga harkar wuta da kansu, jihohi irin su Inugu, Ekiti da Ondo har sun karɓi ikon sa ido a nasu. Ƙofa a buɗe take.

Ga sanatan Adamawa ta Arewa da ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Maiha, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, da Hukumar Raya Arewa maso Gabas: shekara da shekaru ana jin labarin layin 132kV da zai taso daga Yola ta Song da Gombi zuwa Mubi har Gulak. Garin da ke da babbar kasuwar shanu ta ƙasa da ƙasa, da jami'a, da kwalejin tarayya, ya cancanci layi mai ƙarfi a kan turakun ƙarfe. Ku bi mana wannan aiki a kasafin kuɗi, ku dawo ku gaya mana inda aka kwana.

Ga Mai Martaba Sarkin Mubi, Alhaji Abubakar Isa Ahmadu, Allah Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, da hakimai da jauro-jauro: muna roƙon fada ta kira zama guda kafin ruwa ya zauna, a haɗa kamfani da ƙananan hukumomi da wakilan unguwanni, a amince da jerin gyara da ƙa'idar karo-karo. Maganar da aka yanke a gaban iyayen ƙasa ba a saba ta da sauƙi.

A namu ɓangaren, ƙungiya a shirye take ta taimaka wa duk unguwar da ke son rubuta wasiƙar duba layi ko takardar koke, kyauta. Wakilan unguwanni su zo da jerin turakunsu a taronmu na gaba. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, kuma takan yi gargaɗin iska mai ƙarfi a farkon saukar ruwa. Mai gargaɗi ya yi nasa, saura mu.

Ba mu da ikon hana iska tasowa, wannan na Allah ne. Amma duba turke, da rage reshe, da karɓar rasit, da tsare waya daga ɓarawo, duk a hannunmu suke. 'Yan uwa, a tura wannan saƙo ga jauron unguwa da limami da fasto da shugaban matasa, a kuma fara zagayen layi a wannan makon.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin iska da ambaliya, Ya kare ma'aikatan da ke hawa sama domin mu ga haske, Ya zaunar da Mubi da Adamawa da Najeriya lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya,
a madadin kwamitin zartarwa,
Mubi, Jihar Adamawa.